Katin ɗan ƙasa ko zaman tare: wa za a rubuta a asusun unguwa?

Malam Isiyaku Tela, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta hana ni sukuni tun ranar Juma'a, ina son jin ta bakinku. Muna da asusun taimakon juna a unguwarmu, kowane magidanci yana zuba sefa dubu biyu a wata. In an yi rasuwa a sayi likkafani a sallami masu haƙa, in an kwantar da wani a asibiti a rage masa nauyi. Ni ne mai riƙe da littafi. A zaman da muka yi bayan La'asar sai aka kawo shawarar cewa daga yanzu ba za a ƙara rubuta kowa ba sai mai katin ɗan ƙasa na Kamaru. Mutum uku ke jiran shiga: wani mahauci mutumin Mubi, wani yaro mai gyaran waya daga Injamena, da wani dattijo da aka haifa a nan Garwa amma bai taɓa yin kati ba. An ɗage maganar zuwa zama na gaba. Ni dai alƙalamin ya yi mini nauyi. Me kuka gani?

Ɗanjuma Mai Kilando: Har dattijon da aka binne cibiyarsa a Garwa? To ni da nake yawo da resefise, takardar jiran kati, katin ya ƙi fitowa, takardar har ta fara yagewa a wurin ninki, ina cikin 'yan ƙasa ne ko ina layi?

Alhaji Babba, Hausare: Wa alaikumus salam. Isiyaku, tunda ka fito da ita fili, ni ne na kawo shawarar, ba na ɓoyewa. Kada wani ya ce ina ƙin baƙo. Kakana da jakunansa ya shigo ƙasar nan, yana ɗauke da baƙin rini na Kano, tun Jamus ba su ci Garwa ba a 1901. Gidanmu bai taɓa rabuwa da baƙi ba, zaurenmu har yau akwai masu kwana.

Dalilina biyu ne. Shekarun baya mun rubuta wani bawan Allah, ya zuba na wata biyu, matarsa ta sami matsala wajen haihuwa, muka kwashe kusan rabin asusun aka yi mata aiki. Ta warke, alhamdu lillahi. Bayan Sallah muka wayi gari ɗaki a kulle, wai sun koma wajen Yola. Ko sallama babu. Wanda tushensa ke nan, in ya gudu ma ka san ƙofar gidan ubansa.

Na biyun ya fi nauyi. Ku yara ba ku san abin da littafi mai sunaye da kuɗi yake jawowa ba tun 2015. An taɓa kirana wani ofis, aka ajiye irin wannan littafin a gabana, ana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya da bakin biro: wannan wane ne, daga ina, kuɗin ina suke zuwa? Da gemuna fari na yini a kan benci. Ba na son Isiyaku ya ga irin wannan ranar.

Maman Fadila, Marwa: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wato da a unguwarku nake, ranar da na mutu sai a jira a ga kati kafin a yanko likkafani?

Alhaji Babba, Hausare: Subhanallahi, 'yata. Gawa ba a tambayarta takarda. Maganar littafi nake yi.

Bashir, Injamena: Ina gaishe da iyayenmu. Yaron nan mai gyaran waya ban san shi ba, amma na san abin da ke ransa. Kakana Bakatsine ne, wanzami. Shi da ƙanensa suka fito a ƙasa da niyyar Hajji, kamar yadda dubban mutanenmu suka yi a wancan zamani. Da suka iso nan, garin ana ce masa Fort-Lamy, sai a 1973 aka mai da shi Injamena. Guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi aski da ƙaho na shekara guda ya tara. Ya yi aure, aka haifi babana, shekara guda ta zama rayuwa. Har ya rasu zabirarsa tana rataye a bayan ƙofa, kullum cewa yake baɗi zai wuce.

Ƙanen ya wuce ta Abeshe, shi kuma ya maƙale a Janaina cikin Darfur. Da yaƙin Sudan ya tashi a Afrilun 2023, jikokinsa suka tsallako Adre da abin da ke jikinsu. Na je na same su. Wata tsohuwa a cikinsu ta riƙe hannuna tana yi mini Hausar da ban ƙara jin irinta ba tun rasuwar kakata. A takardar hukuma su 'yan gudun hijirar Sudan ne, ni ɗan Chadi ne, alhali kakanninmu ciki ɗaya suka fito.

Ni kuma da na je karatu Kano, ranar farko a kasuwa na buɗe baki aka ce "ɗan Chadi ne", aka ƙara mini kuɗi. A nan gida in muka yi faɗa da maƙwabci, da Larabcin da na fi shi iyawa zai ce mini in koma Najeriya. Na daina jin zafin abin. Abin da ke ba ni haushi kawai shi ne masu tausaya mini, wai ba ni da asali. Ina da Katsina, ina da Injamena, ga dangi a Sudan. Wa ya fi ni?

Ɗanjuma Mai Kilando: Yaya Bashir, ai kai asali ya yi maka yawa, ka ara mini ɗaya in kai musu ko katina ya fito.

Malam Yusufa, Ngaundare: Alhaji, da girmamawa, bari in ɗan taɓa tarihi, tunda shi nake koyarwa. Mahaucin nan mutumin Mubi ne. Maman Fadila, in ban manta ba kin taɓa cewa daga Bama kike. To Mubi da Gwoza da Dikwa da Bama duk cikin Kamarun Jamus suke. Bayan yaƙin duniya na farko aka ba Ingila riƙon wannan yanki, Faransa ta riƙe namu. Sai ranar 11 ga Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, arewacin ya zaɓi Najeriya ya zama lardin Sardauna, kudancin ya zaɓi Kamaru. Ahidjo, shugaban Kamaru na lokacin, ɗan garinku na Garwa, bai ji daɗin wannan sakamako ba ko kaɗan, har kotun duniya aka je. Ka ga ke nan a zamanin Jamus kakan mahaucin nan ɗan ƙasa ne, kakanka da ya zo daga Kano shi ne ya tsallako.

Kuma abin bai tsaya can baya ba. Mutanen Darak a tafkin Chadi sun daɗe a ƙarƙashin hukumar Najeriya. Kotun duniya ta yi hukunci a Oktoban 2002, a Disamban 2003 aka miƙa garuruwan ga Kamaru. Masunci yana cikin kwalekwalensa, bai gusa ko taku ɗaya ba, tuta ta canza a kansa.

Shi kansa katin, in mai iko ya ga dama ba ya kare mutum. A 1980 gwamnatin Najeriya ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, aka kai shi iyaka aka tura Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Zaɓaɓɓen ɗan majalisa fa. Sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa.

Alhaji Babba, Hausare: Malam Yusufa, na ji karatu, Allah ya ƙara ilimi. Amma ranar da aka ajiye ni a benci ba wanda ya tambaye ni 1961. Kuma Jamus ba za su biya mana kuɗin aikin matar nan ba.

Abba, Fotokol: Ku a Garwa da Ngaundare daga nesa kuke magana. Mu kogin El Beid kaɗai ya raba mu da Gamboru. A Fabrairun 2015 'yan Boko Haram suka shigo mana da asuba, suka kashe mutane har cikin masallaci, wana yana cikinsu. Kafin wannan rana wa muka taɓa tambaya daga ina yake? Duk wanda ya tsallako mun ba shi tabarma, mun ba shi ruwa. A cikin waɗanda muka ba tabarmar akwai masu ƙirga mana ƙofofi. Don haka in Alhaji ya ce a san wanda ake rubutawa, ni ina bayansa. Wannan bala'in daga can ya zo mana, kowa ya sani.

Mai kula da zaure: Allah ya jiƙan wanka, Abba. Jama'a a ci gaba, amma ban da zagin ƙasa ko ƙabila. Wanda ya yi zan goge.

Maman Fadila, Marwa: Abba, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Waɗanda suka kashe wanka su suka raba ni da uban Fadila a Bama a Satumban 2014. Ba gasar hawaye na zo yi da kai ba, ƙanena. Bari dai in faɗi yadda zaman yake daga wannan ɓangaren.

Ta Banki muka fito, muka shiga Amchide, muka kai Mora. An ce mu tafi sansanin Minawao wajen Mokolo. Ni ina da goggo da ke aure a Marwa, na ce can za ni. Na fara suyar ƙosai a ƙofar gida da kaskon aro. Ina murna na fara tsayawa da ƙafata sai ga Yulin 2015, bam ya tashi a babbar kasuwa da unguwar Barmare, kuma 'yan mata aka ɗaura wa. Daga ranar duk mace mai dogon hijabi ta zama abin tsoro, balle wadda Fillancinta bai nuna ba. An hana rufe fuska. A bakin kasuwa sai ka tsaya daga nesa, ka ɗaga hannu, ka ɗage mayafi ka jujjuya, maza suna kallo. Wata maƙwabciya da kullum take aiko yaro da kwano ta daina. Ba ta ce mini komai ba. Sai in ga yaron ya wuce ni da kwanon zuwa wajen wata a can gaba. Fadila tana da shekara tara a lokacin, na daina aikenta ko'ina da ƙullin leda a hannu.

Wannan ya wuce, kuma ban riƙe kowa ba, tsoro ne, ni ma ina jinsa. Wanda bai wuce ba shi ne na masu kirki. Har yau in aka yi taron suna sai wata ta nuna ni ta ce, "Allah sarki, 'yar gudun hijira ce," ta ƙara mini nama a kwano. Shekara nawa? Yanzu ina da rumfa, ina sarin albasa daga manoma ina tura wa masu kai ta Kudu, yara biyu 'yan garin nan suna cin abinci a ƙarƙashina. Ina cikin adashe uku, a ɗaya ni ce uwar adashe. Amma a bakin mutane ina nan a ranar da na shigo da ƙulli a ka. Ban ƙi a ce daga Bama nake ba, ina alfahari da garina. Ina dai so wani lokaci a ce "mai albasa", ko "mai faɗan nan", don ina da faɗa.

Maganar komawa kuwa, tun da aka sa hannu a yarjejeniyar mai da mutane gida a 2017 ake tambayata yaushe za ni. Ni raina yana can. Fadila kuwa da Faransanci take lissafi, da Fillanci take faɗa da ƙawayenta, Bama a wurinta labari ne mai ban tsoro da uwarta ke bayarwa. In na ce mu tafi, ita zan mayar baƙuwa.

Abba, Fotokol: Allah ya jiƙan mijinki, Yaya. Ban san haka ba ne. Amma maganata ta a san mutum tana nan.

Kawu Sale, Marwa: Abba ɗana, a san mutum daidai ne. A ce "daga can ya zo" shi ne zan ja maka kunne a kai, don an taɓa yi mini. Ina almajiranci a Kano aka yi rikicin Maitatsine a Disamban 1980. Sunansa Muhammadu Marwa, mutumin ƙasar nan ne. Dubban mutane suka mutu. Bayan ƙura ta lafa, kalmar Marwa ta zama abin da ba ka faɗa da ƙarfi. Ni da ban taɓa ganin mutumin ba, ban taɓa taka 'Yan Awaki ba, in aka tambaye ni gari sai in ce Yola. Malaminmu, Bakano, shi ya ce in riƙa faɗin haka, ya kuma hana ni fita bara har wani lokaci, daga cikin gidansa ake zubo mini tuwo. Matarsa ta ɗinka mini riga irin ta 'ya'yanta don kada in fita daban.

A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita. Mutane suna tuna 'yan Ghana saboda jakar nan, amma har da mu, da 'yan Chadi da 'yan Nijar, fiye da mutum miliyan ɗaya. A bayan babbar mota na dawo, allona a ƙirji. Malam ya rako ni tasha yana ta ba ni haƙuri, sai ka ce shi ya yi dokar.

Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu: yaran da suka shiga dajin nan ba na ƙasa ɗaya ba ne. Akwai namu a ciki, mun san gidajensu.

Hajiya Zara, Kusiri: Kawu ya gama magana. Mu a Kusiri gadar Ngeli ce tsakaninmu da Injamena, kuma na ga an bi ta ta kowane ɓangare da kaya a ka. A yaƙin 1979 da 1980, tun ba a yi gadar ba, mutanen Injamena suka tsallako ruwa a kwalekwale, tsakar gidanmu ta cika har ba wurin shanya. A Fabrairun 2008 da 'yan tawaye suka shiga birnin, haka. Muna ta cewa 'yan Chadi ba sa rabuwa da fitina, sun sa gero ya yi tsada, sun sa haya ta hau. Ni ma na faɗa da bakina a wajen niƙa.

Sai Disamban 2021, rikicin Larabawan Shuwa da Musgum da ya faro daga wajen Logon Birni ya shigo mana gari. Wa ya tsallaka? Mu. Da jikokina na kwana a gidan wata mata a Injamena, wadda uwarta ta haife ta a ɗakin uwata a 1980. Ta dafa mana kisar da miyar kuɓewa, ta ba ni gadonta ta kwanta a ƙasa. Ba ta nemi kati ba, sunan uwata kawai na faɗa a ƙofa.

Alhaji, mu mata a adashe ba ma tambayar takarda. Muna tambaya: wa ya kawo ta? In ta ci ta gudu, wadda ta kawo ta za ta biya. Shi ke nan.

Emeka Mai Kayan Babur, Garwa: Ina gaisuwa, iyayena. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa magana ba. A Sabon Garin Kano aka haife ni, Hausa na fara ji kafin yaren iyayena. A nan Garwa ana ce mini Biyafara, ni da aka haifa bayan an gama yaƙin da shekaru. In na je ƙauyenmu a Anambra lokacin Kirsimeti, 'yan uwana Bahaushe suke kirana, don ba na iya cin abinci ba yaji kuma ina cewa "wallahi". Ina da katin zama, ina sabunta shi da kuɗina, ina biyan haraji. Ana cewa mu kuɗi kawai muka sani. To rabin masu kilandon unguwar nan, masu haya da babur, bashi suke ɗaukar taya da sarƙa a wurina, Ɗanjuma yana nan, ya ƙaryata ni.

Tambayata ga Baba Alhaji: ni ba za a yi mini likkafani ba, in na mutu gida za a kai ni. Amma asibiti ba ruwansa da addini. Ina son shiga asusun nan tun tuni, kunya ta hana ni tambaya. In dokar kati ta wuce, ni ma na fita ke nan?

Ɗanjuma Mai Kilando: Oga Emeka, wannan tonon asiri a gaban jama'a? Zan biya ranar Asabar.

Alhaji Babba, Hausare: Haba Emeka, kai ai ɗan gida ne. Ranar da aka yi rasuwar Hajiyata kai ka kawo rumfa da kujeru, ka rufe shago ka zauna da mu har addu'ar uku. Wa zai hana ka?

Hajiya Zara, Kusiri: To Alhaji, ka ji bakinka. Emeka ba shi da katin Kamaru, ba Bahaushe ba, ba Musulmi ba, ka ce ɗan gida ne. Da me ka auna shi? Da rumfa da zaman makoki. Mahaucin Mubi ma a auna shi da wannan mudun.

Ɗanjuma Mai Kilando: Hajiya ta kama Baba Alhaji da hannu cikin miya. Ni abin da ke ba ni dariya, a Janairun 2022 da aka kawo rukunin Najeriya filin Rumde Ajiya a gasar cin kofin Afirka, garin nan kaf kore da fari ya koma. Suka ci Masar, suka ci Sudan, suka ci Gini Bisau, muna ta hon har dare. Ranar da Tunisiya ta fitar da su da ci ɗaya, wallahi akwai gidan da ba a ci tuwo ba. Kuma man zuwa-zuwa da nake zubawa a babur daga ina yake zuwa? Da aka cire tallafin mai a can a 2023, mu nan muka fara kuka kafin mutanen Yola. Ƙwallonsu namu ne, mansu namu ne, mahaucinsu ne kawai baƙo.

A'isha, Yawunde: Ina wuni iyayena. Ni 'yar Garwa ce, aiki ya kawo ni Kudu. A nan duk wanda ya fito daga Ngaundare zuwa sama, in dai da hula ko mayafi, Bahaushe ne: Bafillace, Bakanure, Kotoko, duk ɗaya. Kuma a ganin wasu ko dai kana gasa nama a unguwar Birketeri ko kana canjin kuɗi. Ranar da na fara aiki wata abokiyar aiki ta tambaye ni, da zuciya ɗaya fa, wai yaya aka yi babana ya bar ni na yi karatu. Na ce shi ya sayar da shanunsa ya biya. Katina na Kamaru ne, na uwata da na ubana haka, amma an sha tambayata yaushe muka zo daga Najeriya.

Sannan Baba Alhaji, ga wani abu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1968 ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba. Yayana yana Faransa, ya karɓi takardarsu saboda aiki, ta nan ta faɗi. Da biza ya zo jana'izar mahaifiyarmu, a garin da aka yanke masa cibiya. Duk wata shi ke aiko da kuɗin asusun gidanmu. In an bi shawararka, sunansa za a fara gogewa.

Alhaji Babba, Hausare: Kun taru mini a ka, har da 'ya'yan cikina. To ku ji. Maganar Hajiya Zara ta wanda ya kawo mutum ya tsaya masa, na karɓa, dama haka iyayenmu suke yi da fatake: baƙo yana da maigida, maigida ke amsa sunansa. Sai dai in ƙara: mutum biyu su tsaya masa, kuma ya yi wata shida yana zubi kafin ya ci na asibiti. Na mutuwa ba jira. Amma ban janye maganar littafi ba. Duk wanda za a rubuta ya kawo wata takarda mai hotonsa, ko ta wace ƙasa ce, ko ta 'yan gudun hijira ce, a ajiye kwafi. Ranar da aka kira Isiyaku, ba Malam Yusufa ne zai je ya karanta musu tarihi ba.

Malam Isiyaku Tela, Garwa: Na rubuta, Baba. Saura dattijon nan, shi ko takardar haihuwa ba shi da ita, balle mai hoto.

Alhaji Babba, Hausare: Wannan tare muka yi makarantar allo. Ni zan tsaya masa, kai kuma ka zama na biyu.

Maman Fadila, Marwa: Tunda an zo kan takarda, Malam Yusufa ina da tambaya. Na sake aure a nan, mijin shi ma mutumin Bama ne. Autana a gida aka haife shi a Marwa, ba mu yi masa takardar haihuwa ba. Yanzu malaminsu ya aiko wai ba zai zauna jarrabawar CEP ta gama firamare ba sai da ita. Kuma shi ɗan wace ƙasa ne?

Malam Yusufa, Ngaundare: Wannan matsalar ta cika makarantunmu na Arewa, har 'ya'yan 'yan ƙasa, kowace shekara yara suna maƙalewa a ajin ƙarshe saboda ita. Tunda lokacin yin rajista ya wuce, sai ta hanyar kotu. Za a nemi takardar likita mai ƙiyasta shekarunsa, da takarda daga ofishin magajin gari cewa ba a taɓa yi masa rajista ba, da shaidu da suka san haihuwarsa. Alƙali ya yi hukunci, da shi za a rubuta masa takardar. Ki riƙa sauraro kuma, wani lokaci ana kawo zaman kotu na musamman don yaran makaranta, ya fi sauƙi da araha. Ki tambayi shugaban makarantarsu tun yanzu, kada ki bari sai an fara rubuta sunayen masu jarrabawa.

Ƙasa kuwa, haihuwa a Kamaru kaɗai ba ta mai da yaro ɗan Kamaru in iyayensa duka baƙi ne. A yanzu ɗan Najeriya ne ta wajenku. Amma dokar ta ba wanda aka haifa a nan dama ya nemi zama ɗan ƙasa cikin wata shida kafin ya cika shekara 21, in ya shekara biyar yana zaune a ƙasar. Takardar haihuwar nan ita ce hujjarsa a ranar, don haka ki adana ta da kyau.

Maman Fadila, Marwa: Na gode Malam, Allah ya saka. Ungozomar da ta karɓe shi tana nan da ranta, za ta iya zama shaida?

Malam Yusufa, Ngaundare: Ita ce ma ta fi. Ki haɗa da mai unguwa ko wani dattijo da ya halarci sunan, kowa ya zo da katinsa.

Ɗanjuma Mai Kilando: In resefise yana shiga, ga ni. Ban halarci sunan ba amma ina da labari.

Hajiya Zara, Kusiri: Kai dai je ka biya Emeka kuɗin tayarsa.